Wai za a daina yi wa agogon duniya gyara: ina makomar ƙarar rediyo da masu tuƙi?

Kawu Mai Rediyo, Jega
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni, kuma masu boko nika so su amsa min, ba masu zolaya ba. Jiya wani yaro yak kawo min agogon bango na gwanjo, ɗan Jamus, wai in duba mishi. Na sa batir, hannuwan sunka yi ta gudu da kansu har sunka kai sha biyu daidai, sai sunka tsaya cik. Na jira har La'asar, ko motsi. Yaron ya ce wai da rediyo agogon ke saita kanshi, kuma ya gani ga waya cewa Turawa za su soke wani sakan da akan ƙara ma agogon duniya, ko shi ya sa nashi yat tsaya tun yanzu. Shekara talatin da ɗori ina bisa bencin ga, ban taɓa jin ana ƙara ma agogo sakan ba. Wa ke ƙarawa? In kuma anka soke, ƙarar nan ta BBC da mahaifina, Allah shi jiƙan shi, ke saita Seiko ɗinshi da ita in awa ta cika, ta tashi aiki ke nan?

Ɗan Kamba
Kawu, agogon nan biza yake jira. Ka haɗa masa kuɗin mota ya koma ƙasarsu.

Malama ta Argungu
Wa alaikumus salam Kawu. Agogon lafiyarsa ƙalau, kuma maganar sakan ba ta taɓa shi ba. Akwai wata tasha a Mainflingen kusa da Frankfurt, ana ce mata DCF77. Ba ta labarai, ba ta kiɗa, aikinta kawai ta riƙa aika lokaci a kan kilohaz 77.5 dare da rana. Ita agogon yake saurare. Muryarta tana kai kamar kilomita 2,000, mu kuwa mun fi kilomita 4,000 daga can. Ko shekara zai yi a kan sha biyu ba zai ji kiran ba.

Shi kuwa sakan ɗin, gaskiya ne ana ƙarawa. Agogo biyu ne duniya take aiki da su. Na farko ita ƙasar kanta, yadda take juyawa rana ta fito ta faɗi. Na biyu agogon atam. Tun 1967 aka daina auna sakan da rana, aka koma ƙirga kaɗawar hasken atam ɗin siziyom, sau 9,192,631,770 shi ne sakan guda. Agogon atam ba ya gajiya, ita kuwa ƙasa wata rana ta yi sauri wata rana ta yi nawa, kuma jan da wata yake yi wa ruwan teku yana taka mata birki a hankali. Sai aka yi yarjejeniya daga 1972 a riƙa daidaita su, kuma ƙa'idar yanzu ita ce ba za a bari tazarar da ke tsakaninsu ta wuce kashi 9 cikin 10 na sakan ba. In ta kusa, wata hukuma da ke Paris mai suna IERS takan ba da sanarwa wajen wata shida kafin lokaci, a ƙara sakan ɗaya a ƙarshen Yuni ko Disamba. Ni a aji nakan ce wa yara sunansa sakan ɗin gyara, irin wadda mai awo yake ƙara miki bayan ya cika mudu. An yi haka sau 27. Na ƙarshe a daren 31 ga Disamba 2016.

Injiniya, Birnin Kebbi
Wannan daren ba zan manta da shi ba. A agogon GMT sha biyun dare ne, mu kuwa nan ƙarfe ɗaya, mun riga mun shiga 2017. Lokacin ina aiki a wani kamfani a Abuja, oga ya hana mu uku tafiya hutu, ya ce mu kwana gaban kwamfutoci. Mutane na can suna harba knockout ɗin sabuwar shekara, mu muna zaune a ɗakin sanyi da shayi a kofin roba, ido a kan allo, muna jiran 00:59:59 ta wuce mu ga 00:59:60. Wata na'urar ta nuna 60 ɗin, wata ta maimaita 59 sau biyu, wata ta yi kamar ba ta san ana yi ba sai can da safe ta gyara kanta. Na'ura uku, hali uku, a ɗaki ɗaya. Alhamdu lillahi babu abin da ya faɗi a wurinmu, amma a wannan daren kamfanin intanet na Cloudflare ya samu matsala, saboda wani lissafi nasa ya ga lokaci ya koma baya. A na Yunin 2012 ya fi muni: shafin intanet na Reddit ya tsaya, kuma tsarin Amadeus na tikitin jirgin sama ya rikice har ma'aikatan Qantas a Ostareliya suka koma tantance fasinja da hannu.

Shi ya sa mu masu wannan aiki muka yi murna. A Nuwamba 2022 babban taron awo da ma'auni na ƙasashe ya zauna a Faransa ya yanke cewa nan da 2035 za a faɗaɗa wannan tazara ta 0.9, ta yadda za a yi aƙalla shekara 100 ba a taɓa agogo ba. Taron rediyo na ITU, hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da aka yi a Dubai ƙarshen 2023 ya bi bayansa. Ba a ce an soke gyara har abada ba, cewa aka yi a bari ta taru.

Ɗan Kamba
To ga ta nan. Yau su ce sakan, gobe minti, jibi ka ga ana kiran Azahar da hantsi. Su suka kawo agogon, su suke ƙarawa, su suke ragewa, mu namu bi. An tambayi wani a Kebbi kafin a yanke?

Shugaban Zaure
Ɗan Kamba, a sassauta. Bari mu ji ta bakin Malam, shi ke riƙe da lasifika.

Ladan na Gwandu
Allah shi ba mu dacewa. Ɗana na Kamba, kwantar da hankalinka. Babu sallah guda da anka ɗaure ta ga ƙarfe kaza. Azahar zawali ta, La'asar inuwar abu ta kai tsawonshi bayan inuwar zawali, Magariba faɗuwar rana, Isha'i ɓacewar shafaƙi, Asuba ketowar alfijir. Malamin da yak koya min ladanci ba ya da agogo. Shikan fita filin masallaci shi tsaya, shi auna inuwarshi da tafin ƙafa, shi ce min hau ka kira. Agogo bara na, rana ita ta uwar gida. Amma ina da tawa tambaya ga Malama, sai ta gama da kai.

Malama ta Argungu
Allah ya gafarta Malam, ka rage min aiki. Ɗan Kamba, abin da kake tsoro ai ya riga ya faru tun ba a haife ka ba, kuma bai hana ka barci ba. Agogon Najeriya awa ɗaya ne gaba da GMT, wato an yanka shi ne a kan layin digiri 15 gabas, layin da ke can wajen Njamena, ko cikin ƙasar ma bai ratsa ba. Birnin Kebbi tana kan digiri 4 da ɗan kai. Kowane digiri minti 4 ne. Ka lissafa: agogon hannunka ya riga ranar da ke kanka da minti 43. Kamba ma ta fi haka, don kun fi mu yamma. Ban da wannan, ita rana da kanta tana yin gaba ko baya da wajen kwata na awa tsakanin Fabrairu da Nuwamba. Gyaran da aka yi kuwa, sakan 27 ne a shekara 45. In aka tafi a haka, minti guda sai wajen ƙarni. Mutumin da ke ɗauke da buhu bai ji nauyi ba, ƙwayar gero ce za ta karya shi?

Safiyo, Gusau
Shaida: mu a Gusau muna riga ku shan ruwa da kusan minti 10, alhali agogonmu ɗaya. Duk azumi sai na kira abokina na Birnin Kebbi ina tauna dabino a kunnensa.

Ladan na Gwandu
To Malama, ga tawa. Yanzu rabin masallatanmu da waya suka kiran sallah. Yaro shi duba manhaja, ta ce Magariba 6:52, shi ɗauki lasifika, ko leƙa yamma bai yi ba, balle lokacin hazo da ba ka ganin ranar ma. Ita manhajar da wane agogo taka lissafi, na ƙasa ko na atam? In na atam na, kuma anka bar shi shina ta gaba ƙasa na baya, ai wata rana za ta ce rana ta faɗi alhali da saura. Minti guda ga hira ba komi na ba. Ga buɗe baki kuwa magana ta.

Malama ta Argungu
Wallahi Malam ka taɓo inda ƙaiƙayin yake. Yawancin irin wannan lissafi yana ɗauka cewa agogon waya da juyawar ƙasa abu ɗaya ne, domin tun 1972 bambancinsu bai taɓa kai sakan ba, babu wanda ya damu ya rubuta gyaran. In tazarar ta girma kuma ƙasa ce ke baya, manhajar da ba a sabunta ba za ta riga rana da daidai wannan tazarar. Maganin ba wuya, adadi ɗaya ne ake wallafawa kullum, a shigar da shi. Sai dai a yau manhajojin sun fi haka saɓani a tsakaninsu: wata tana lissafa alfijir rana na digiri 18 ƙarƙashin sararin gabas, wata 19.5 irin lissafin Masar, wannan kaɗai ya fi minti 5.

Ɗan Jirgi, Yauri
Salam. Yanzu na samu sabis, mun kwana biyu a ruwa. Na karanta daga sama, kuma Injiniya, da girmamawa, murnarka ta ofis ce. Ku sakan ɗin a da yakan hana ku barci sau ɗaya a shekara biyu ko uku. Mu shi ne yake riƙe da lissafinmu kullum.

Bari in yi wa Kawu bayani yadda zai gani. A makarantar koyon aikin jirgin ruwa ta Oron an koya mana neman matsayin jirgi ba tare da tauraron ɗan'adam ba. Akwai na'urar hannu mai madubi biyu, sekistan. Da magariba ko asuba, lokacin da ake ganin tauraro kuma ana ganin bakin ruwa, za ka tsaya a gefen ɗakin tuƙi, ka sauko da tauraron cikin madubi har ya taɓa layin ruwa, ka yi ihu, wani na riƙe da agogo ya rubuta awa da minti da sakan. Sai a buɗe littafin taurari na shekarar a ga inda tauraron ya kamata ya kasance a wannan sakan ɗin. Littafin da agogon ƙasa yake aiki, ba na atam ba, don tambayar ita ce: ƙasa ta juya zuwa ina? A kan layin ikweta da ya raba duniya arewa da kudu, ƙasa tana share mita 465 duk sakan. Kuskuren sakan 4 mil ɗaya ne na ruwa, mita 1,852. In aka bar tazarar ta kai minti, wanda ya manta bai gyara ba ya ɓace da mil 15, kusan kilomita 28. Ya kusa nisan Birnin Kebbi da Jega. A tsakiyar teku ba komai, kusa da gaɓa kuwa ya isa ka hau yashi.

Injiniya, Birnin Kebbi
Yaya, tsakani da Allah, yaushe rabonka da ka nemi hanyar Apapa da madubi? GPS nawa ne a jirginku?

Ɗan Jirgi, Yauri
Biyu, kuma sekistan yana cikin akwatinsa, kyaftin ɗinmu yakan sa ƙananan hafsoshi su fito da shi in sama ta yi garau. Ka san dalili? Siginar GPS daga nisan kilomita 20,200 take zuwa, kafin ta iso ta yi laushi, ƙaramar na'ura tana iya toshe ta ko ta yi mata ƙarya. Tambayi duk wanda ya bi Bahar Maliya ko Bahar Aswad a 'yan shekarun nan, jirgi yana ruwa allo na nuna shi a kan tudu. Makarantar sojan ruwan Amurka da ta ajiye wannan darasi ta dawo da shi a 2015. Su da suka mallaki GPS ɗin ke nan. Tauraron Allah babu mai kashe shi daga ofis.

Kuma ba sekistan ne ya fi damuna ba, don mutum ne ke riƙe da shi, in an ce masa ƙara sakan kaza zai ƙara. Rediyon ce. Kawu, wannan naka ne. Tashoshin lokaci na gajeren zango, irin WWV ta Kolorado a kan megahaz 5 da 10 da 15, da RWM ta Mosko, ba awa kawai suke faɗa ba. Cikin ƙyas-ƙyas ɗin da suke yi duk sakan akwai saƙo. In ka ji an ninka bugun, ƙyas-ƙyas biyu a manne, a sakan na 1 zuwa na 8 bayan minti ya cika, ƙasa ce ke gaba da agogo, kowane ninki kashi 1 cikin 10 na sakan. In daga na 9 zuwa na 16 ne, tana baya. Da kunne kake ƙirgawa, ba ka bukatar intanet. To gurbi takwas ne kacal kowane ɓangare, domin an gina shi a kan alkawarin cewa tazarar ba za ta kai sakan ba. Ranar da ta zama sakan 3, ina za a sa ta? Mudu ne aka ce ya ɗauki buhu.

Malama ta Argungu
Wannan gaskiya ne, kuma ba su kaɗai ba. MSF ta Ingila, mai aikawa daga Anthorn a kan kilohaz 60, ita ma gurbi takwas-takwas ta ware. Dole ɗaya cikin biyu: ko a sake fasalin saƙon, tsofaffin na'urorin da ke karanta shi su zama kurame a wannan ɓangaren, ko a daina aika shi ta rediyo a ce kowa ya nema a intanet. Ita DCF77 ta agogon Kawu ba ta aika wannan adadi tun asali, alama ɗaya kawai take ɗagawa awa guda kafin a ƙara sakan. In an daina ƙarawa, alamar ta huta, shi ke nan.

Injiniya, Birnin Kebbi
Na yarda da matsalar gurbin. Amma a auna. Masu sauraren ninkin bugu da kunne a duniya su nawa ne, masu dogara da banki da layin waya da wutar lantarki da tikitin jirgi su nawa ne? Kuma adadin da kuke magana IERS tana fitar da shi da ƙwarewar da ta fi ta rediyo nesa ba kusa ba. Da manyan faifan rediyo ake auna juyawar ƙasa, ana duban taurarin kwasa masu nisan gaske, akwai ɗaya daga cikin tashoshin a Hartebeesthoek ta Afirka ta Kudu. Ba a daina auna ƙasa ba, cewa aka yi a daina tsayar da agogon kowa saboda ita.

Abin da ya fi ba ni haushi ma shi ne yanzu kowa da tasa dabarar. Google ba ta ƙara sakan ɗin gaba ɗaya, shafa shi take yi, ta ɗan ja kowane sakan na tsawon awa 24 har gyaran ya narke. Wasu kamfanonin suna shafawa da wani salon, wasu suna tsalle. A wannan ranar agogon duniya ba ɗaya ba ne.

Ɗan Jirgi, Yauri
"A nema a intanet." Ƙanena, ranar da nake bukatar sekistan ita ce ranar da babu intanet ɗin.

Injiniya, Birnin Kebbi
Tazarar ba ta canzawa da ko sakan ɗaya a wata shida, Yaya. A buga ta a bangon littafin taurarin kowace shekara, ta ishe ka har ka yi ritaya.

Ɗan Jirgi, Yauri
Wannan ta fi kama hankali. In za su buga, na rage faɗa. Ban daina ba.

Maman Biyu, Zuru
Ni dai ku gaya min, dish ɗina da taswirar waya za su lalace ko a'a? Kullum ina hanyar Kontagora.

Safiyo, Gusau
Hajiya, babu abin da zai same su. Tauraron dish yana tsaye ne a sama da wuri ɗaya, yana juyawa tare da ƙasa, bai san ƙarfe nawa ba.

GPS kuwa, nan ne mutane suke ruɗewa. Shi tun da aka kunna agogonsa ranar 6 ga Janairu 1980 bai taɓa karɓar gyara ko ɗaya ba. Shi ya sa yau yana gaba da agogon duniya da sakan 18. Ba zai iya karɓa ba ma, don da tafiyar haske yake auna nisa, kuskuren kashi 1 cikin miliyan na sakan mita 300 ne. Da nasa agogon yake nemo inda kike, sannan tauraron ya aiko da saƙo daban cewa a cire 18 kafin a nuna wa mutum lokaci. Ina da tsohuwar na'urar hannu da nake shiga daji da ita wajen awon gonaki. In ta daɗe a kashe na kunna, takan nuna lokaci da kuskuren sakan biyu ko uku, don adadin da aka sa mata a masana'anta ya tsufa. Sai ta yi 'yan mintoci tana saurare, cikakken saƙon yana ɗaukar minti 12 da rabi, ka ga agogon ya yi tsalle ya daidaita. Amma turakun da na kafa ba su taɓa gusawa ba saboda haka. In an daina gyara, 18 ɗin za ta zauna daram, wannan ƙaramar matsalar ma ta kau. Takwarorin GPS, Galileo na Turai da BeiDou na Sin, su ma ba sa karɓar gyaran.

Mai matsala shi ne GLONASS na Rasha. Shi agogonsa yana bin gyaran, duk lokacin da aka ƙara sakan sai an ƙara masa. Shi ya sa Rasha ta ƙi amincewa a taron 2022, ta so a kai 2040 don ta samu lokacin sauya kayanta. Wayoyinmu da yawa suna haɗa GPS da GLONASS a lokaci ɗaya, to masu ƙera su ne za su yi wannan aikin, ba ke ba.

Malama ta tuna min wani abu. Husufin rana na 29 ga Maris 2006, ina Gusau, da hantsi gari ya yi duhu kaji suka nufi akurki, mutane suka cika masallatai. An faɗi lokacinsa tun kafin ranar kuma bai saɓa ba. Masu wannan lissafi sun daɗe da raba agogon atam da na ƙasa, kowanne da shafinsa. Su wannan canji ko a jikinsu.

Ɗan Kamba
To in GPS bai damu ba, masu husufi ba su damu ba, Malam bai damu ba, me ya sa aka yi shekaru ana taro? Kuɗin zama?

Malama ta Argungu
An fi shekara 20 ana jan maganar. ITU ta ɗage ta a 2012, ta sake ɗagewa a 2015. Ingila ta daɗe tana turjewa, ka san GMT sunan unguwarsu ne, Greenwich. Abin da ya sa aka farka shi ne ƙasa ta sauya hali. Daga 1972 zuwa 1979 babu shekarar da ba a yi gyara ba, 1972 ma sau biyu. Yanzu tun 2016 shiru. Daga 2020 ta shiga sauri, ranar 29 ga Yuni 2022 ta kammala juyinta da ragin kashi 1.59 cikin 1,000 na sakan. In ta ci gaba, maimakon a ƙara sai dai a cire, agogo ya tashi daga 58 ya dira kan 00, babu 59. Ba a taɓa yi ba ko sau ɗaya. Wani masani a Kalifoniya, Duncan Agnew, ya wallafa lissafi a mujallar Nature a 2024 cewa hakan na iya zama dole wajen 2029, kuma da ba don narkewar ƙanƙarar Girinlan da Antatika tana ɗan rage wa ƙasa gudu ba, da ya zo tun 2026.

Injiniya, Birnin Kebbi
Wannan shi ne abin da ke tsorata ni, ba 2035 ba. Ƙari da aka yi sau 27 ma yana kayar da manya, ina ga ragi da babu wanda ya taɓa gwadawa a fili? Akwai manhajojin da aka rubuta su a kan cewa gyara ƙari ne kawai. Ba a fafe gora ranar tafiya. In da ni ne, a janyo ranar dainawar ta riga shi zuwa.

Ɗan Jirgi, Yauri
Ka ga nan mun haɗu. Amma ka lura abin da kuka yi: kun ce a tara bashin, jikoki su biya minti guda a dunƙule. Ku da kuka saba yi duk bayan shekara biyu kuna tuntuɓe, su da ba su taɓa gani ba fa?

Injiniya, Birnin Kebbi
Su za a ba su sanarwar shekaru, mu wata shida ake ba mu. Wa ya sani ma ko za su ga ya fi sauƙi su bar shi, kamar yadda muka bar minti 43 na Malama.

Kawu Mai Rediyo, Jega
Allah shi yi muku albarka, na ƙaru. Amma har yanzu ba ku ba ni amsar ƙarar BBC ba.

Malama ta Argungu
Afuwan Kawu, mun bi yarima mun sha kiɗa. Tana nan. Tun 1924 ake yin ta, yanzu gajeru biyar ne da doguwa ɗaya, farkon doguwar shi ne cikar awa. Daren da aka ƙara sakan takan zama bakwai. Abin da zai ɓace ke nan, ta bakwai ɗin, kuma ƙarfe ɗayan dare take zuwa a nan, ban jin ka taɓa kama ta. Sharaɗi ɗaya: a akwatin rediyo za ka saurara. In ta waya ce ko dish, sautin yana makara, wani lokaci da sakan da yawa, ya fi duk abin da muke musu a kai.

Kawu Mai Rediyo, Jega
Wanga na sani da kaina. Ranar wasan ƙwallo maƙwabcina mai rediyo shikan yi ihun ci, masu kallo ga waya suna nan suna jiran a buga kwana.

Ɗan Jirgi, daren jiya na gwada abin da kac ce. Na fiddo tsohuwar Sony mai gajeren zango, na ƙara mata waya na rataya ga icen dogon yaro, na kashe inbata don ƙugin da taka sa ma rediyo. Ga 10 hayaniya ɗai. Ga 15, can wajen sha ɗaya, na ji bugun, na kuma ji muryar namiji shina faɗin lokaci da Turanci, tana zuwa tana ɓacewa. Na ƙirga har minti biyar ban rarrabe wani ninki ba. Ko kunnen ya tsufa?

Ɗan Jirgi, Yauri
Kawu, Kolorado ka kamo, fiye da kilomita 10,000! Da mace ka ji, to ta Hawai ce. Kunnenka garau yake. A 'yan shekarun nan tazarar ta tsaya dab da sifili, in akwai ninki ma bai wuce ɗaya ba, cikin wannan shuuu ɗin da wuya a kama shi. In na zo hutu zan biyo ta Jega mu saurara tare, ka ajiye min eriyar.

Kawu Mai Rediyo, Jega
Tana nan in awaki sun bar ta. Shi kuwa ɗan Jamus na cire mishi injin, na sa na Chana mai maɓalli ga baya, na saita da ƙarar ƙarfe bakwai. Yaron ya zo ya ɗauka, ya ce sauran kuɗin sai ranar kasuwa.